Sufurin Landan a Hannun Zaɓaɓɓen Magajin Gari: Inda Aiki Ya Yi Kyau da Inda Yake Ɗingishi

Duk babban birnin da ake muhawarar ko a ba shi magajin garin da jama'a za su zaɓa da hannunsu, sai an sako zancen Landan. Hanyar da muka fi yarda da ita wajen auna wannan kujera ita ce a duba aikin da talaka ke cin karo da shi kowace safiya, wato sufuri. Hukumar TfL, mai kula da motocin bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa da manyan titunan birnin, ita ce babban abin da doka ta danƙa wa magajin garin Landan. Shi ke shugabantar kwamitin gudanarwarta, shi ke naɗa 'yan kwamitin, shi ke yanke kuɗin mota. Ra'ayinmu ba ɓoyayye ba ne. Aikin na da kyau ƙwarai a duk inda aka sakar masa ragama gaba ɗaya. Inda kuma aka raba ikon, ko aka ajiye lalitar a hannun wani, nan ne fasinja ke shan wuya.

A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar da ke kula da birnin baki ɗaya, Landan ta yi shekara 14 babu shugaba guda. Ƙananan hukumomi 32 da tsohuwar hukumar tsakiyar birni kowacce na harkar gabanta, sufuri kuma yana hannun gwamnatin ƙasa. A watan Mayun 1998 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 72 cikin ɗari suka amince a kafa kujerar, duk da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne kawai suka fito. Doka ta fito a 1999, aka yi zaɓen farko a Mayun 2000. Ken Livingstone ya ci a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, Boris Johnson ya karɓa a 2008, Sadiq Khan a 2016. Kada a haɗa wannan kujera da ta ɗaya magajin garin na tsohuwar unguwar bankuna, wanda ake sauyawa duk shekara. Wancan aikinsa wakilci da bukukuwa ne, ba ruwansa da motar bas.

Da bas ɗin za mu fara, don a nan ne tsarin ya fi burge mu. TfL ce ke zana hanyar da kowace mota za ta bi, ta tsara jadawali, ta faɗi irin motar da za a sa da kuɗin da za a biya. Kamfanoni masu zaman kansu sai su yi takarar kwangilar tafiyar da hanyar na wasu shekaru. Kuɗin fasinja ba ya shiga aljihun kamfanin, hukumar yake tafiya, ita kuma ta biya kamfanin gwargwadon nisan da motocinsa suka yi, da ƙarin lada idan sun kiyaye lokaci, da yanke kuɗi idan sun gaza. Wannan ƙaramin sharaɗi shi ne ƙashin bayan komai. Direba ba shi da dalilin tsere da wani direba don ɗibar fasinja, ba shi da dalilin tsayawa jiran mota ta cika, kuma unguwar da ba ta da riba ba ta rasa mota. A sauran sassan Ingila an sakar wa kamfanoni harkar bas tun 1986, kowa ya ɗauki hanyar da ta yi masa. Sai da yankin Manchester ya samu nasa zaɓaɓɓen magajin garin a 2017 kafin ya fara dawo da motocinsa ƙarƙashin irin wannan tsari a 2023.

Kuɗin bas ɗaya ne ko tasha ɗaya za ka yi ko ƙarshen hanya: fam 1.75 daga 2023 zuwa 2025. Tun watan Yulin 2014 ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin mota, sai kati. Tsarin Hopper da Khan ya kawo a Satumban 2016 ya ba mutum damar sauya mota cikin awa ɗaya ba tare da ya sake biya ba. Da farko sauyi ɗaya ne, a 2018 aka mayar da shi ko sau nawa. Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne mai aikin shara ko gadi da ke zaune a gefen gari, wanda dole ya haɗa mota biyu ko uku kafin ya isa wurin aiki. Alkawarin yaƙin neman zaɓe ne, kuma an cika shi cikin wata huɗu, saboda wanda ya yi alkawarin shi ke da ikon sa hannu. Motocin duk masu ƙasa-ƙasan dandamali ne da mai keken guragu zai iya shiga, kuma ana sanar da tasha ta gaba da murya da rubutu. Aibinsu shi ne nawa. Matsakaicin gudun bas a birnin bai wuce mil 9 da 'yan kai a awa ba, kuma za mu zo kan dalilin.

Biyan kuɗi na da sauƙi, amma nan ne baƙo ya fi yin asara. Katin Oyster, wato katin TfL da ake zuba wa kuɗin tafiya, ya fito a 2003. Katin banki na dangwalawa ya fara aiki a bas a 2012, a jiragen ƙasa a 2014, wayar hannu ma tana yi. A bas sau ɗaya ake dangwala kati a kan na'ura mai ruwan ɗorawa, lokacin shiga kawai. A jirgi kuwa dole a dangwala a shiga, a dangwala a fita, domin kuɗin ya danganta da shiyyoyin da aka ratsa da kuma lokaci. Daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuɗin ya fi tsada. Akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana, da kuma a mako daga Litinin zuwa Lahadi. Da zarar an kai iyakar, sauran tafiyar kyauta ce.

Kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya shiga da katin banki ya fita da wayar da aka ɗora wannan katin a kanta. A wurinsa asusu ɗaya ne, a wurin na'ura kuwa abu biyu ne daban, sai ta ɗauka tafiya biyu ce da ba a kammala ba, ta cire kuɗi mafi yawa sau biyu, iyakar rana kuma ta rabu gida biyu. Wani ya ɗora walat ɗinsa gaba ɗaya a kan na'urar alhali akwai kati biyu a ciki, sai ta karanta wanda bai nufa ba. A yawancin tashoshin DLR, ƙaramin jirgin gabashin birnin, babu ƙofar shinge. Na'urar tana tsaye a gefen matakala, mai sauri zai wuce ta bai lura ba, washegari ya ga an cire masa kuɗin tafiya mafi tsada. Akwai kuma na'urori masu ruwan hoda a wasu tashoshin sauya jirgi irin su Stratford da Canada Water. Aikinsu su shaida cewa ka zagaye tsakiyar gari ba ka ratsa shiyya ta 1 ba. Wanda bai dangwala a kansu ba zai iya biyan kuɗin hanyar da bai bi ba. Sannan a layin Elizabeth, daga an wuce West Drayton zuwa Reading, Oyster ba ya aiki, sai katin banki ko tikitin takarda.

Maganin yawancin wannan shi ne a buɗe asusu a shafin TfL a yi rajistar katin, don a riƙa ganin kowace tafiya a kuma nemi a mayar da kuɗin da aka cire bisa kuskure. Idan jirgin ƙarƙashin ƙasa ko DLR ya yi jinkirin minti 15 ko fiye, ko minti 30 a layin Elizabeth da Overground (jiragen TfL da ke bi ta doron ƙasa), ana mayar da kuɗin tafiyar in an nema cikin kwana 28. Ba a biya idan dalilin yajin aiki ne ko mummunan yanayi. Mai katin bankin wata ƙasa ya fara tambayar bankinsa nawa yake cira a kan kowane ciniki da kuɗin waje. In cajin na da yawa, gara ya sayi Oyster, ko da yake kuɗin sayen katin kansa ba a mayar da shi yanzu. Mai katin rangwamen jirgin ƙasa ma Oyster zai nema, don a kansa ake ɗora rangwamen.

Abin da ya fi nuna amfanin zaɓaɓɓen mutum guda shi ne harajin cunkoso, wato kuɗin da mai mota ke biya don shiga tsakiyar gari. An daɗe ana rubuta rahotanni a kansa, babu wanda ya yarda ya ɗauki laifin. Livingstone ya faɗa a fili lokacin neman ƙuri'a cewa zai yi, ya kuma fara ranar 17 ga Fabrairun 2003 a kan fam 5 a rana. Jama'a suka sake zaɓensa a 2004. Babu shinge, babu mai karɓar kuɗi a hanya. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, iyakar yankin kuma an yi mata alama da farin harafin C a cikin jan da'ira. Kuɗin ya hau zuwa fam 8 a 2005, 10 a 2011, 11.50 a 2014, 15 a 2020. Ana cajinsa daga 7 na safe zuwa 6 na yamma a ranakun aiki, daga 12 na rana zuwa 6 na yamma Asabar da Lahadi. Doka ta ce rarar kuɗin a kan sufuri za a kashe ta. A shekarun farko hukumar ta ba da rahoton cunkoso ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, daga baya ya riƙa dawowa saboda haƙe-haƙen titi, da motocin haya na manhaja, da motocin kai kaya gida. Wanda bai biya cikin kwana uku ba tarar fam 180 ke jiransa, ta koma 90 in ya biya cikin kwana 14. Duk mai shiga yankin akai-akai ya yi rajistar biya kai tsaye daga kati, ya kuma tabbata a shafin TfL na gaskiya yake, don akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi da ƙari.

Harajin gurɓatar iska na ULEZ ya fi jawo rigima. Johnson ne ya sanar da shi, Khan ya matso da ranar zuwa Afrilun 2019, ya faɗaɗa shi a Oktoban 2021, sannan ya game dukkan ƙananan hukumomin birnin ranar 29 ga Agustan 2023. Fam 12.50 ne a rana ga motar da injinta bai kai ma'auni ba: Euro 4 ga mai fetur, wato galibi motocin da aka yi wa rajista bayan 2005, da Euro 6 ga mai dizal, galibi bayan Satumban 2015. Yana aiki dare da rana ban da ranar Kirsimeti, kuma ranarsa daga 12 na dare take zuwa 12 na dare. Ma'aikaciyar jinya da ta fita da tsohuwar mota ƙarfe 9 na dare ta dawo 6 na safe sau biyu za ta biya. Mota mai lambar wata ƙasa kuma sai an yi mata rajista tukuna, in ba haka ba za a ɗauke ta a matsayin wadda ba ta cika sharaɗi ba ko da sabuwa ce.

Muna goyon bayan manufar. A 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wani babban titi a Lewisham. Amma an yi gaggawa a faɗaɗawar 2023. A unguwannin gefe motocin bas ba su kai na tsakiya yawa ba, kuma tallafin fam 2,000 na musanya tsohuwar mota sai ana saura kwanaki kaɗan a fara sannan aka buɗe shi ga kowa. Hukumomi biyar suka kai ƙara babbar kotu suka faɗi. An farfasa kyamarori. Duk da haka Khan ya sake cin zaɓe a 2024. Ko wane ɓangare mutum yake, ya san sunan wanda ya yi abin, ya kuma samu ranar da zai hukunta shi da ƙuri'a.

Jiragen ƙarƙashin ƙasa, layi 11 da tasha 272, yabonsu da sukarsu kusan kai ɗaya. A layin Victoria jirgi 36 ke wucewa cikin awa a lokacin rububi, ba ka gama duba allo ba wani ya iso. Tun Agustan 2016 wasu layuka ke aiki har wayewar gari a daren Juma'a da Asabar. Amma jiragen layin Bakerloo ƙirar 1972 ne. Layukan da ke can ƙasa sosai ramukansu ƙunci gare su, tun zamanin da aka haƙa su ba a bar wurin fitar da zafi ba, don haka da bazara cikin jirgin layin Central kamar tanda yake. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tashoshi ne kawai mai keken guragu zai iya shiga daga titi ba tare da matakala ba, kuma in lif ɗaya ya lalace tafiyar ta ƙare. Layin Elizabeth da aka buɗe ranar 24 ga Mayun 2022 abin alfahari ne: faɗi, sanyi, sauri, daga Reading da Heathrow har Shenfield da Abbey Wood. Sai dai a Disamban 2018 aka yi alkawarinsa, kuma kuɗinsa ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19. TfL da ma'aikatar sufuri ta ƙasa ne suka haɗa hannu a kansa, da aka makara kuma kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Zaɓe kai tsaye na zuwa da nasa ciwon, bai kamata a ɓoye ba. Mutum guda mai neman a tuna da shi yakan so abin da za a gani da ido. Gadar lambu da aka shirya ginawa a kan kogin Thames a zamanin Johnson ta cinye kusan fam miliyan 53, miliyan 43 daga ciki kuɗin jama'a, aka watsar da ita a 2017 ba a kafa ko ginshiƙi ɗaya ba. Sabuwar motar bas mai buɗaɗɗiyar ƙofar baya da aka fito da ita a 2012 ta zo da tagogin da ba sa buɗuwa, sai da fasinjoji suka yi ta kukan zafi aka sake musu tagogi, daga baya aka sallami kwandastocin da ke tsaron ƙofar aka rufe ta. Haka faɗaɗa yankin harajin cunkoso zuwa yamma: Livingstone ya kawo a 2007, Johnson ya soke a farkon 2011, kuɗin kyamarori ya tafi a banza.

Majalisar birnin mai mutum 25 ce ya kamata ta taka wa irin wannan birki. Tana yi wa magajin gari tambayoyi a bainar jama'a sau goma a shekara, tana kiran jami'ai, tana fitar da rahotanni masu amfani. Amma kafin ta sauya kasafin kuɗinsa sai ta haɗa kashi biyu cikin uku, wato mutum 17. Ke nan in jam'iyyarsa na da kujera 9 kawai, kasafinsa ya wuce. A ganinmu wannan sharaɗi ya yi tsauri. Fasinjan da bai gamsu da amsar da TfL ta ba shi ba yana iya kai kuka ga London TravelWatch, hukumar da doka ta kafa don kare masu tafiya.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. An ba magajin gari aiki, ba a ba shi hanyar tara haraji mai kauri ba. Abin da yake da shi: kuɗin fasinja, harajin tituna, ɗan ƙari a kan harajin gidaje, da wani kaso na harajin wuraren kasuwanci. Tun farko ma ba a miƙa masa jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sai 2003, bayan gwamnatin Tony Blair ta ɗaure gyaransu da kwangilar shekara 30 da kamfanoni, wadda Livingstone ya ƙalubalanta a kotu ya faɗi. Cikin kamfanonin, Metronet ya durƙushe a 2007, TfL ta saye Tube Lines a 2010, aikin ya dawo inda ya kamata tun asali. A 2018 gwamnatin ƙasa ta daina ba da tallafin gudanarwa na yau da kullum, hukumar ta koma dogaro da fasinja a kan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Khan kuma ya daskarar da kuɗin mota daga 2016 zuwa 2020, abin da ya yi wa jama'a daɗi ya kuma rage ajiya. Da annobar korona ta zo fasinja ya ɗauke, sai ga zaɓaɓɓen shugaban birni mai mutum kusan miliyan 9 yana roƙon baitulmali. An ba da fam biliyan 1.6 a Mayun 2020 da sharuɗɗa: a ƙara kuɗin mota, a dawo da harajin cunkoso, a sa wakilan gwamnati biyu a kwamitin hukumar. Aka ci gaba da yarjejeniyoyi na 'yan watanni. Jirgin ƙasa kuwa shekaru ake yi tsakanin odarsa da isowarsa, ba a sayensa da kuɗin wata shida. Shi ya sa tsawaita layin Bakerloo zuwa Lewisham ke nan a takarda, aka kuma jingine shirin sabon layin jirgi na Crossrail 2 tun 2020.

Mazaunin kudancin kogi ya fi kowa jin raɗaɗin rabon iko. Tashoshin ƙarƙashin ƙasa kusan 30 kawai ke wancan ɓangaren, jama'a sun dogara da jiragen da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta ƙasa. An ga abin da TfL ta yi da tsofaffin layukan da aka miƙa mata a 2007 ta mayar da su Overground: sababbin jirage, ma'aikata a tasha, Oyster, fasinja ya ninka. Da aka nemi a miƙa layukan kudu maso gabas haka nan, ministan sufuri Chris Grayling ya ƙi a Disamban 2016. Mutumin Bexley da ke wannan yankin yana zaɓen magajin gari, amma jirgin da ke kai shi aiki ba ya cikin abin da ya zaɓe shi a kai.

Tituna ma haka. Kashi 5 cikin ɗari ne kawai na titunan Landan ke hannun TfL, waɗanda aka ja wa jan layi a gefe, ko da yake suna ɗaukar kusan kashi 30 na zirga-zirga. Sauran na ƙananan hukumomi ne. Motar bas ɗaya na iya ratsa hukuma huɗu, wata ta ware mata layi, wata ta bar wurin ga masu ajiye motoci, kuma magajin gari lallashi kawai zai iya. Daga nan nawar bas ke samo asali. Gadar Hammersmith, wadda aka buɗe a 1887, ita ce shaida mafi muni. A Afrilun 2019 aka rufe ta ga motoci bayan an ga tsagewa a ƙarafunan da ke riƙe da ita. Mallakar ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham ce, wadda ba ta da kuɗin gyara mai cin ɗaruruwan miliyoyin fam. Motocin bas da ke bi ta kanta na TfL ne. Lalitar da za ta iya ɗaukar aikin kuma tana wurin gwamnatin ƙasa, wadda ta ce a 2021 a raba kuɗin gida uku. An ƙarfafa gadar ta yadda masu tafiya a ƙasa da masu keke za su wuce, amma shekaru sun shuɗe babu bas ɗin da ya haye, tsofaffin unguwar Barnes da ke zuwa asibiti a ƙetaren kogi sai sun zagaya. Gadojin da ke ɗauke da hanyoyin bas ya kamata tun 1999 a sa su cikin abin da aka miƙa wa magajin gari, tare da kuɗin kula da su, kuma har yanzu gyaran dokar bai fi ƙarfin majalisar dokokin ƙasar ba.